Autanmu zai kai mu cin tapas da Baba da Hajiya, ina neman shawara kafin Asabar

Maman 'Yan Biyu, Gwarinpa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya taɓa cin abincin mutanen Sifaniya ɗin nan da ake kira tapas ya agaza min kafin ranar Asabar.

Autanmu ne ya yi shekara biyu yana karatu a Garnada, wani gari a Sifaniya, ya dawo, Allah ya taimake shi ya samu aiki a nan Abuja. Tun ranar da ya sauka bakinsa bai huta ba, tapas kaza, tapas kaza, har 'yan biyuna suka sa masa suna Kawu Tapas. Yanzu ya karɓi albashin farko ya rantse sai ya kai mu duka wani gidan cin abinci a Wuse 2 da ke yin irinsa. Kuma ya zaɓi wannan makon ne saboda Baba da Hajiya sun zo daga Zariya ganin likita, suna wajena. Mu tara ke nan: su biyu, ni da maigida da yara, ƙanwata da mijinta, sai shi mai gayya.

Ni kuma ban iya shiga abu ido rufe ba, sai na ja maigida ranar Talata da dare muka je leƙen asiri. Wurin ba laifi, tsaf, ga sanyi. Muka ce a kawo mana abu huɗu daga cikin waɗanda muka gane. Jama'a, farantin bai fi wanda ake ɗora kofin shayi a kai ba. Dankalin turawa soyayye, na ƙirga, guda tara, an yaryaɗa masa wata jar miya mai ɗan yaji. Wainar ƙwai da dankali yanka ɗaya kamar yankan kek. Jatan lande guda shida a wani ɗan kasko yana tafasa cikin man zaitun da tafarnuwa, wannan kam ya yi daɗi, sai da na dangwale man tas da burodi. Na huɗun zaitun ne kawai a ɗan kwano. Muna gamawa maigida ya kalli yaron da ke mana hidima da zuciya ɗaya ya ce, "To mun ɗanɗana, sai a kawo abincin." Na take masa ƙafa. A hanyar komawa sai da muka tsaya wajen mai tsire.

Abin da ya fi damuna shi ne alade. Takardar abincin rabinta da yarensu take, ga kwalaben giya jere a bayan kanta. Auta ya ce shi ya san komai, amma yaron da ya zauna shi kaɗai a Turai ban san me ya saba ɗaga wa ƙafa ba, Baba kuwa mutum ne da ko nama aka kawo masa sai ya tambayi wa ya yanka. Sannan ta yaya dattijon da ya saba da malmala biyu ta tuwo zai ƙoshi da wannan? Sai babbar matsalar da ban ma san yadda zan faɗa wa auta ba: an ce ƙa'idar abincin ita ce a jera komai a tsakiya kowa ya miƙa hannu. Maigidana shekara tara da aurenmu bai taɓa shan ko ruwa a gaban Hajiya ba.

Ɗan Rimi, Life Camp

Wa alaikumus salam Hajiya. Aiki ya kai ni Sebiya da Madrid sau uku, kuma na sha wahalar da kike tsoro, bari in rage miki hanya.

Farko maganar ƙoshi, don ita ce mai sauƙi. Tapas ba sunan wani abinci guda ba ne, sunan girman farantin ne. Kalmar tapa a yarensu murfi take nufi, kuma labarin da suka fi bayarwa shi ne da can ana ɗora yankan burodi ko nama a bakin kofi don kada ƙuda ya faɗa, daga nan abin ya zama al'ada. A Garnada inda ƙaninki ya zauna har yau idan ka sayi abin sha, ko da lemo ne, ɗan farantin kyauta ake haɗo maka da shi, shi ya sa ɗalibai suke son garin. Su can ba sa zama wuri ɗaya su cika ciki, sukan ci biyu a nan su tashi su shiga wani shagon. Amma in iyali suka zauna sosai, ba tapa suke oda ba, ración suke cewa, wato babban faranti na rabawa, ko media ración, rabinsa. Ki duba takardar, in babu ki tambaya ko za su yi muku babba. Kuma ku kira tun da rana ku ce a dafa muku paella ta kaza ko ta kayan teku, shinkafa ce dafa-duka a faffaɗan kasko, tana ɗaukar lokaci, ita ce za ta riƙe cikin Baba.

Alade kuma, tsoronki yana kan hanya, don mutanen Sifaniya ba abin da suke alfahari da shi kamar cinyar alade busasshiya. Kalmomin da za ki gudu in kin gani: jamón, ko an rubuta serrano ko ibérico duk shi ne, chorizo, lomo, panceta, tocino, manteca, wato kitse, sai morcilla wadda da jini ma ake yin ta. Waɗannan a fili suke. Masu ɓoyewa su ne matsala. Croquetas, wasu 'yan dunƙule soyayyu masu laushi a ciki, yawanci da gutsattsarin jamón ake kwaɓa su, ko da yake akwai na kaza da na kifi. Albóndigas, dunƙulen niƙaƙƙen nama, sau da yawa haɗin sa da alade ne. Akwai wani tsire da suke kira pinchos morunos, ma'anarsa tsiren Musulmin Magrib, sunan ya ruɗe ni na kusa ci a Sebiya, ashe yanzu da naman alade aka fi yin sa. Akwai kuma wata miyar tumatir mai kauri ta Kurɗuba, salmorejo, ita kanta burodi ce da tumatir da man zaitun da tafarnuwa, amma a samanta suke barbaɗa dafaffen ƙwai da jamón ba tare da sun faɗa maka ba, don su a wajensu ado ne kamar yadda muke barbaɗa albasa.

Sai giya a cikin girki. Duk abin da aka rubuta al vino ko al jerez, da giya aka dafa shi. Wutsiyar sa da suke kira rabo de toro ma haka. Kada ki yarda da maganar cewa wuta tana ƙone ta duka, ba ta ƙonewa duka. Sangría kuma da za ki ga an kawo wa maƙwabtan teburi cikin jug da yankakkun lemo kamar zoɓo, giya ce tsagwaronta, ki ja kunnen 'yan biyu.

A nan Abuja mai yiwuwa sun musanya wasu da naman sa saboda masu zuwa, amma kada ki ɗauka, ki sa a kira miki mai girkin da kansa. Ki tambaye shi har man da suke suya, ko kasko ɗaya ne da na croquetas. Abin da babu kokwanto a kansa yana da yawa: wainar nan da kuka ci, tortilla, dankalin, patatas bravas, jatan landen, calamares, wato wani naman teku da ake soyawa, burodi da aka goga wa tumatir, cukun manchego na madarar tumaki, gauta soyayye da zuma, da alayyahu da wake irin na Larabawa, espinacas con garbanzos, wanda abincin Sebiya ne. Kayan teku kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya babu matsala, har dabbar tekun nan mai ƙafa takwas, sai dai in ido ya ƙi.

Maganar surukai ta fi ƙarfina, na bar wa manya.

Goggon Yara

'Yata, ni ban san tapas ba, ban kuma damu in sani ba, amma na san surukuta. Ku yaran yanzu kuna ganin kunya kamar wani nauyi ne da za a sauke in an shigo Abuja. Mijinki in kika zaunar da shi gaban mahaifiyarki kika ce ya miƙa hannu cikin farantin da take ci, ba zai ce miki komai ba, zai yi ta juya cokali yana murmushi, ya tashi da yunwa, ita ma ta tashi da yunwa, don ita ma kunyarsa take ji. Kuɗin ƙaninki ya tafi a banza.

Ki ce a raba teburi biyu, maza nasu mata nasu, kuma kada su fuskanci juna. In da hali a sa na matan a lungu. Ba wani sabon abu ba ne a wajenmu a jera kwanuka a tsakiya, mu da muka tashi muna ganin ciyayya a ƙofar gida, kowane gida ya fito da nasa, wannan tuwon dawa, wancan dambu, wancan ɗanwake, a zauna a ci na kowa. Amma ko a ciyayya sa'a da sa'a ke zama. Ba a taɓa haɗa suruki da suruki a tabarma ɗaya ba.

Ko a teburin mazan ma akwai sauran aiki, tunda ga Alhaji ga mazajen 'ya'yansa biyu. Wannan sai dai shi Alhajin ya sassauta musu da kansa. Ki faɗa wa Hajiyarku tun a gida, ita ta san yadda za ta shigar masa da maganar.

Kuma ku ci da wuri. Mai zuwa ganin likita ba a ajiye shi da yunwa har bayan isha'i.

Sarkin Yaƙin Kubwa

Ni dai tambayata, me tuwo ya yi muku? Yaro ya karɓi albashin farko, maimakon a sayi rago a gasa a gida kowa ya ci ya yi gyatsa a sa masa albarka, sai a je a biya kuɗin buhun shinkafa a kan dankali guda tara. Kuma kada ku manta lissafin da ke kan takarda ba shi za ku biya ba, akwai harajin VAT kashi 7.5, sannan yawancin irin waɗannan wuraren sai sun ƙara nasu kuɗin hidima a kai.

Maman 'Yan Biyu, Gwarinpa

Sarkin Yaƙi, wallahi maganarka ita ce maganar maigidana, kamar kun haɗa baki. Na gwada kawo wa auta zancen rago, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, shekara biyu ina cin abin nan ni kaɗai ina tunanin ku." Daga nan ban sake cewa komai ba. Maganar haraji kuwa na gode, zan sa ya riƙe ƙari.

Malam Ɗan Rimi, Allah ya saka da alheri, na kwafe kalmomin nan a takarda na sa a jaka. Goggo, na yi wa Hajiya maganar, dariya ta yi ta ce dama tana ta tunanin yadda za ta ce ba za ta je ba.

'Yar Tudu, Jos

Maman 'Yan Biyu, ni abin da ya ba ni dariya dankali guda tara ne. Mu nan da Bokkos da Mangu ke juye mana shi buhu-buhu! Wata 'yar Sifaniya da muka yi aiki tare a wani asibiti ta koya min wainar nan, kuma ba komai a cikinta sai dankali da albasa da ƙwai da mai da gishiri. Sirrin kawai kada ki soya dankalin ya yi ƙaras-ƙaras irin na cin-cin ɗin yara. Ki yanka shi siriri, ki zuba cikin mai da yawa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi laushi ba tare da ya yi ja ba, ki tsane, ki juye cikin kaɗaɗɗen ƙwai, ki bar shi ya jiƙa kamar minti goma. Sai ki mayar kasko. Wurin juyawa ne ake jin jiki: ki kifa faranti a kan kaskon ki juya gaba ɗaya, ki sake zurara ta ciki. Ta farko da na yi rabi a murhu ta ƙare.

Ta ce min a ƙasarsu har gardama ake yi tsakanin masu sa albasa da masu cewa sa albasa ɓata waina ne, kamar yadda muke yi a kan sa sukari a kunun tsamiya.

Abu ɗaya zan ƙara kan na Malam. Su suna son tsakiyar wainar da ɗan ruwa-ruwa. Tsofaffinmu in suka ga ƙwai bai dahu ba sun gama cin abinci ke nan. Ki ce a dafa muku ita sosai.

Maman 'Yan Biyu, Gwarinpa

To jama'a, mun je mun dawo, ga rahoto tunda kun yi min ɗawainiya.

Mun isa bayan sallar magariba, wurin babu kowa sai mu, auta yana ta cewa a Garnada ƙarfe tara ko goma na dare ake fara cin abinci, Hajiya ta ce shi ya sa ya dawo a rame. Tun da rana na kira na nemi teburi biyu, sun yi mana, namu a bayan wata tukunyar fulawa. Mai girkin ya fito, na zaro takardata ina karanto masa kalmomin Malam Ɗan Rimi ɗaya bayan ɗaya da irin lafazina, shi yana dariya auta yana rufe fuska. Ya ce chorizo ɗinsu iri biyu ne, akwai na sa akwai na ainihi, kuma croquetas da calamares mai ɗaya suke shiga. Nan take na soke duka biyun. Da ban tambayi maganar man ba da mun ci, don calamares na cikin abin da na ɗauka babu matsala.

Duk da wannan bayanin sai da aka kuskure. Auta ya dage sai Baba ya ɗanɗana salmorejo, ya jaddada musu ban da komai a sama. Aka kawo kwano uku, biyu fes, na ukun da jajayen gutsattsari a kai, kuma shi aka dire a gaban Hajiya. Ta ɗauki cokali ke nan tana cewa "wannan kilishi ne suka daka?" ƙanwata ta riƙe mata hannu. Yaron ya ba da haƙuri, wai na wani teburi ne ya haɗo, alhali mu kaɗai ne a wurin. Aka canza kwano da cokali. Hajiya ta kai na biyun baki sau ɗaya ta ajiye, ta ce min a hankali, "Ba su ɗumama miyar ba." Na ce haka ake shan ta da sanyi, saboda zafin ƙasarsu. Ta ce mu da muke Zariya a watan Afrilu ba mu taɓa sa miya a firji mu sha ba.

Abin da ya ci kasuwa a teburinmu alayyahu da waken nan ne. Hajiya ta ce da an sa masa daddawa da ya zama abinci, amma sai da aka ƙaro sau biyu. Gauta da zuma 'yan biyu suka cinye, yaran da a gida in na sa gauta a miya sai an yi rigima. Dabbar tekun nan mai ƙafa takwas kuwa ƙanwata ce kawai ta iya, ni da na ga 'yan ƙofofin nan a jikin ƙafar na mayar da cokalina.

Teburin maza nake ta leƙe ta tsakanin ganye. Da farko abin tausayi: Baba a tsakiya, auta yana zuba bayani, surukai biyu sun sunkuyar da kai kowa da zaitun ɗaya a faranti yana juya shi. Sai Baba ya ɗauki zaitun ya tambayi sunansa da yarensu. Auta ya ce aceituna, man kuma aceite. Baba ya ce, "Az-zaitun da az-zait ke nan." Auta ya ce shinkafa arroz, sukari azúcar, dunƙulen naman nan albóndiga daga al-bunduƙ. Shi ke nan, an taɓo wa Baba inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ajiye cokali ya shiga tarihin Andalus, daga shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 har faɗuwar Garnada a 1492, ya ce Alƙali Iyal da ake karanta littafinsa a masallatanmu ya yi alƙalanci a garin da auta ya zauna, Imam Ƙurɗubi kuma sunan garin miyar sanyin nan yake ɗauke da shi. Ya tambayi auta ko ya shiga fadar Alhamra. Auta ya ciro waya ya nuna masa bangon da aka sassaƙa "wa la galiba illallah" an maimaita ba iyaka. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Ban taɓa ganin auta ya yi shiru haka ba shi ma.

Da aka kawo paella Baba ya ɗebi kaɗan saboda sukarinsa, ya ce zai je ya ga ko akwai wurin sallar isha'i, auta ya raka shi. Sun fi minti ashirin. Na tabbata aikin Hajiya ne, don ta kalle ni ta gefen ido ta ci gaba da cin alayyahunta. Kafin su dawo surukai sun yi wa kaskon nan aski, har ƙanzon ƙasan, wanda auta ya ce sunansa socarrat kuma shi ne abin da 'yan Balensiya suke rububi. Maigida ya ce ashe Bature ma ya san daɗin ƙanzo.

Sarkin Yaƙi, kuɗin kada ka tambaya. Auta ya karɓi takardar ya ninke ta da sauri ya sa a aljihu, na dai ga ya haɗiyi yawu. Baba ya dafa kansa a bakin mota ya sa masa albarka mai tsawo, sannan muna isa gida ya ce Hajiya ta dama masa furarsa.

Maigida ya sauke mu ya ce zai je sayen kati. Ya dawo bayan rabin awa yana warin yajin ƙuli. Da safe ƙanwata ta kira ni tana dariya har tana shaƙewa: ashe mijinta ma da ya sauke ta cewa ya yi zai je shan mai, suka yi kiciɓis a gaban mai tsire ɗaya, kowa da ƙunshinsa a hannu.